Juma'a Uku Kafin Mari

Litinin, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Wannan kayen, littafin rubutu, na ƴan ajina ne, ya yi saura da aka rufe lakol, makarantar da nake koyarwa. Na yage shafi biyun da aka ɓata, sauran nawa ne. Maigidana Mas'udu yana Agadas wurin aiki sai bayan damina, kuma ba kowace magana ake yi wa miji a waya ba, shi ya sa zan yi wa takarda.

Jiya aka kawo mini Ammar nan Bande. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa ashirin da biyar, amma da aka sauke shi daga mota sai na ga kamar tsoho. Ranar Asabar ya faɗi a tashar Magarya yana shure-shure, kumfa a baki, har ya ciji harshensa. Tramol. Na rubuta sunan sau ɗaya, ya isa. A cikin waɗanda suka taru a kansa ba wanda ya kawo ko ruwa. Waya suka ɗaga suna ɗaukar hotonsa, wai ga Bunu ya faɗi, sunan da suke kiransa da shi ke nan.

Kawu Maigari ne ya kawo shi, wan Inna, wanda tun rasuwarta shi ne uwa shi ne uba. Bai ko zauna ba. Ya ce biyowa kawai suka yi in yi wa yaron sallama, don ya gama magana da wani malami a bayan Waca mai sa wa irinsu mari. Na san gidan. Ɗan maƙwabciyarmu ya yi wata bakwai a can da ƙarfe a ƙafa, ya dawo yana tafiya a tattale, idon sawunsa duk tabo, ba ya iya haɗa ido da mutum.

Na durƙusa. Ni da nake tsayar da yara saba'in da ido kawai, na durƙusa a tsakar gidana ina kuka.

Kawu ya ce, "To, na ji. Juma'a uku na ba ki, Hinda. In ta ukun ta zo bai sa ƙwaya a bakinsa ba, naki ne. In ya sa ko ɗaya, zan zo da mota, kuma kada ki buɗe mini baki."

Na ce na yarda. Ammar yana zaune a gindin darbejiya, kamar cinikin akuyar wani ake yi.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe 7 na safe

Na dama masa kunun tsamiya. Ya kalli kofin, ya juya fuska bango. Can ya rarrafa da kansa ya je randa ya sha ruwa.

Talata, bayan azahar

Rukaiya ta zo, ƙawata, majo, wato ma'aikaciyar jinya, a gidan likitan garinmu. Ta duba idonsa da harshensa, ta bar maganin zawo da na ciwon jiki, ta ce in yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari. Ta ce kwana goman farko wuta ne, kuma in ya sake faɗuwa kada in tsaya jiran kowa, Damagaram za a nufa da shi.

A zaure ta tambaye ni, "Wai yaushe ya fara?"

Na ce ban sani ba.

Laraba, 10 ga Yuli, hantsi

Mata sun yi ta shigowa dubiya. Dubiyar ina! Bunu suka zo kallo.

Bari in rubuta don kada in manta yadda abin yake da fari. Yana ɗan shekara goma mutanen wani proje, aikin wata ƙungiyar agaji, suka zo lakol ɗinsu suna neman yaron da zai fito a fim ɗin gargaɗi a kan ruwan sha. Suka jera yara, aka ce kowa ya yi kamar ba shi da lafiya. Sauran suna ta dariya, shi kuwa ya kwanta a ƙasa ya fara karkarwa har wata baturiya ta sa hannu a baki. Aka ba shi sunan Bunu, yaron da ya sha ruwan tafki ya kwanta. A fim ɗin akwai inda yake kan tabarma yana cewa, "Inna, sanyi nake ji." Daga Sassumbrum har Dungas ba garin da ba a kafa farin ƙyalle an nuna shi ba. Bayan an nuna fim sai ya fito da kansa ya sake yin wasan a gaban jama'a, tsofaffi suna share hawaye, suna cusa masa dabino a aljihu.

Shekara goma sha biyar ke nan, amma har yau in ya shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya, "Bunu, sanyi kake ji?" Rabin garin nan ba su san sunan da aka yanka masa rago da shi ba.

Tani maƙwabciyata har da kunna fim ɗin a wayarta, wai ta nuna wa kishiyar uwarta da ta zo baƙunta. A tsakar gidana! Na ce mata in sinima take nema ta tafi Magarya. Ta fita tana ƙunƙuni. Ta daɗe ba ta yi ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da sassafe

Bai sha kunun ba.

Alhamis, ƙarfe 4 na yamma

Na yi abin kunya yau.

Tun safe ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, hanci na zuba, hamma ba iyaka. Da azahar, ana zafin nan na kafin hadari, ina tankaɗe sai na ji daga ɗaki, "Yaya, sanyi nake ji." Na leƙa, ga shi a kan tabarma ya dunƙule, haƙora na haɗuwa. Wallahi sak yadda yake yi a fim, har yadda yake cusa hannu tsakanin gwiwa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni za ka yi wa wasa? Ni da nake riƙe maka riga a bayan ƙyalle? Ka yi wa waɗanda ba su san ka ba, ko za su ji tausayi su sayo maka!"

Na fizge hannunsa don in tayar da shi, sai na ji shi kamar randa, sanyi ƙalau, ga gumi ya jiƙa tabarmar. Na kwaso bargon Mas'udu da zannuwana biyu na lulluɓe shi, na zauna na riƙe ƙafafunsa har aka kira la'asar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Ba komai, Yaya. Ni ma wani lokacin ba na bambancewa."

Juma'a ta farko, 12 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Kawu ya aiko a tambaya. Na ce a gaya masa lafiya lau. Ɗaya ta tafi.

Ammar ya ci loma uku ta tuwo. Kunu kuwa ƙudaje suka sha.

Litinin, 15 ga Yuli, hantsi

Kwana biyu ban rubuta ba, wanki ya hana. Abin da na wanke ba na rubutawa ba ne.

Rukaiya ta dawo, ta ce ya fara juyowa. Na yi mata ƙorafin kunu. Na ce yana cin tuwo, yana cin ɗanwake, amma duk abin da aka dama ko aka tafasa aka zuba a kofi, ko shayi ne, ba ya taɓawa. Ruwan gishiri da sukarin ma sai dai in ajiye masa kayan ya haɗa da kansa. Ta ce tashin zuciya ne, zai wuce.

Ta sake cewa, "Jikin nan ya daɗe da sanin abin nan, Hinda. Wannan ba shan shekara biyar ba ne."

Na ce mata tukunyata tana ƙonewa. Ban ɗora komai ba.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan la'asar

An yi ruwa mai kyau. Ya fito ya zauna a bakin ƙofa yana kallon indararo, ya yi magana mai tsawo, karo na farko.

Ya ba ni labarin Kano. Da proje ya tattara ya tafi, yana ɗan sha shida, ya tsallaka iyaka da faifan fim ɗinsa a aljihu yana bin ofisoshin masu shirya fim. Wani ya kalli faifan, ya kalle shi, ya ce, "Yaron nan ya iya. Ina yake yanzu?" Ya shekara uku yana ɗaukar musu fitila da igiyar wuta, sau ɗaya aka sa shi a gaban kyamara, mai gadi, ya buɗe ƙofa ya rufe. Daga nan ya dawo Magarya ya kama kabu-kabu da babur ɗin wani.

Ya ce, "Kin san abin da na fi tunawa, Yaya? Tafi. In na tashi daga tabarmar nan gari guda na tafa mini. Ina jin kamar ba ni da nauyi."

Sai kuma ya miƙe ya kwaikwayi Kawu, yadda yake gyara hula da yatsa ɗaya kafin ya yi faɗa, da yadda yake cewa "To, na ji" alhali bai ji ba. Na yi dariya har na ƙware. Allah ya ba yaron nan abu, ba ƙarya.

Alhamis, 18 ga Yuli, da safe

Farar motar proje da ake yawon nuna fim da ita ta tsaya mini a rai tun jiya. Ni aka haɗa shi da ni, ina ƴar sha bakwai, don Inna ta ce ba za ta bar ɗanta ya kwana a garin mutane shi kaɗai ba. Ranar da za mu fara fita ta rako mu har bakin mota, ta riƙe hannuna ta ce, "Hinda, amana." Kalma ɗaya ta faɗa.

Gari uku muke yi a rana. Ni da ban taɓa wuce Magarya ba, ga ni a kujerar gaba, da rigar proje, ana ce mini madmazel.

Akwai wata ranar kasuwa a Dungas.

Ba yau ba. Ruwa ya ƙare a randa.

Juma'a ta biyu, 19 ga Yuli, ƙarfe 3

Kawu ya zo da kansa. Ya sa Ammar ya buɗe ido, ya miƙa hannu, ya yi tafiya zuwa zaure ya dawo, kamar mai sayen sa. Ya gyara hula da yatsa ɗaya. Ni da Ammar muka haɗa ido, na ciji leɓe.

Ya ce, "Ba laifi."

A bakin Kawu wannan kirari ne. Biyu sun tafi, saura ɗaya.

Yana shirin tafiya ya ambaci cewa ranar Laraba zai yi gayyar maimai a gonarsa, ciyawa ta fi ƙarfin ƴaƴansa. Ni ce na yi karambani na ce a tafi da Ammar. Zaman ɗaki ya ishe shi, kuma na so Kawu ya gan shi da hauya a hannu cikin samari, ya san ban yi aikin banza ba. Kawu ya ce to. Ammar ya kalle ni kamar zai yi magana, ya fasa.

Lahadi, 21 ga Yuli, hantsi

Ya gyara mini ƙofar kicin da ta shekara tana jan ƙasa. Ya yi aski.

Kunu dai har yanzu a'a.

Laraba, 24 ga Yuli, da sassafe

Ya tafi da tsohuwar hauyar Baba. Na tsaya a ƙofa har ya sha kwana. Na ji daɗi, in faɗi gaskiya, na ji daɗi ƙwarai.

Laraba, bayan la'asar

Tun daga lungu na jiyo waƙarsa. Ya shigo da sauri, wai shi kaɗai ya yi kunya goma sha biyu, yana magana ba numfashi, yana sosa wuya, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar ta allura. Muciya ta faɗi daga hannuna.

Ban yi ihu ba. Na ce, "Wa ya ba ka?"

Waƙar ta tsaya. Ya zauna a kan turmi ya ce, "A butar shayi suka zuba. Haka samarin suke yi a kowace gayya, don a gama gona kafin azahar. Kowa ya sani, masu gona ma sun sani, ba a dai tambaya." Sannan ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya. Kofin farko ban sani ba. A kan idona aka dafa, kowa yana sha, ban ga lokacin da aka zuba ba. Sai da ya wuce maƙogwaro na ji ɗacin a ƙarƙashin sukari. Na biyu ni na miƙa hannu. Na uku ma."

Ɗacin a ƙarƙashin sukari. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Ni na tura shi. Shekarata nawa a ƙasar nan, yaran da na koyar su ne ke yin gayyar, amma ban tsaya na yi tunanin abin da ke sa su noma gona guda kafin rana ta take ba.

Alhamis, 25 ga Yuli, azahar

Kawu ya aiko. Gobe bayan masallaci, a haɗa masa kayansa, riga biyu da bargo.

Alhamis, la'asar

Na ninke rigunan. Na warware. Sau uku ina ɗaukar bik in rubuta zancen Dungas, hannuna ya ƙi.

Ammar ya ce kada in damu, alkawari alkawari ne. Ya tambaye ni ko ana cire marin in za a yi salla.

Juma'a ta uku, 26 ga Yuli, gab da magariba

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, kamar darasi.

Motar ta tsaya a ƙofar gida ƙarfe uku. Kawu ya shigo, wani ƙato da malamin ya aiko ya tsaya a zaure da buhu a hannu. Da ya ajiye buhun na ji ƙarar ƙarfe. Ammar ya fito da ƙullin kayansa, jikin ya fara rawa tun safe, ya durƙusa ya gai da Kawu.

Kawu ya ce, "Hinda, mun yi da ke ba za ki buɗe baki ba." Sannan ya juya kan Ammar. "Kai kuma, ɗan gidan mutunci, uwarka ta tafi da baƙin cikinka. Ban san ɗan iskan da ya fara koya maka wannan abu ba, amma Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Na ce, "Kawu, ni ce."

Ya ce, "Ke ce me?"

Na ce, "Ni na fara ba shi. A Dungas, ranar kasuwa, yana ɗan shekara goma. Mun yi gari biyu, ya yi barci a mota, na tashe shi ya ƙi tashi. Shugaban tafiyar ya ce in yaron ba zai iya ba gobe za a mai da mu gida a ɗauki wani. Direba ya ba ni ƙwaya ɗaya ya ce maganin gajiya ne. Na sayi kunun tsamiya a bakin hanya, na ɓare ta na zuba, na ƙara sukari. Ya sha, ya tashi, ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Washegari na sake. Wata biyu ina yi, da aka dawo wata shekarar ma na yi."

Kawu ya ce, "Yarinya ce ke, ba ki sani ba."

Ya ba ni ƙofar fita, da na so da na bi. Na ce, "Ranar farko ban sani ba. Daga baya na ga in ban ba shi ba yana kuka yana riƙe ciki, kuma ban daina ba. Ba don Inna na yi ba, ba don abinci ba. Motar nake so, Kawu. Ba na so a mai da ni gida daka. In ƙarfe za a sa wa wanda ya jawo, ga ƙafata."

Ban iya kallon Ammar ba. Shekara goma sha biyar ina tsoron ranar da zai ji.

Sai ya ce, a hankali, "Ai na sani, Yaya."

Na ɗago.

"Ina kwance a kujerar baya, idona biyu. Na ga kin juya baya kina motsawa da tsinke. Kullum ina ganinki."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa wa Inna?"

Ya ce, "Da ta dake ki. Kuma kina dariya a motar nan. A gida ba kya dariya."

Kawu ya nemi turmi ya zauna. Bai taɓa hularsa ba. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Na shekaranjiya kuma a gonata aka ba shi. Ni na sayi sukarin." Ya tashi ya je zaure, na ji yana sallamar mutumin, na ji an ɗauki buhun, na ji motar ta tashi.

Da ya dawo ya ce ranar Litinin za mu kai Ammar Damagaram wurin likita, shi ma zai je, in gaya wa Rukaiya ta rubuta takarda. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Allah ya jiƙan uwarku Ɗela. Har ta cika tana sa miki albarka a kan yaron nan."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe 8 na safe

Mun koma farko. Gumi, hamma, ƙafafu. Na fito da bargon Mas'udu tun bai nema ba.

Yanzu na san abin da ya sa kofina yake komawa a cike. Ba tashin zuciya ba ne. Na tuna ko a bikina, da na miƙa masa fura, ajiyewa ya yi a gefe ya ce ya ƙoshi.

Na ɗauko kurfoti na kawo har bakin ɗakinsa, na ajiye inda zai gani. Na jera gasara, tsamiya, sukari, ludayi, kowanne na ɗaga na nuna masa kamar ina gaban tablo, allon aji.

Ya ce, "Yaya, ba sai kin nuna mini ba." Ya ja bargo ya rufe fuskarsa, bai buɗe ba har na gama damawa.

Na zuba, na miƙa. Ya tashi zaune, ya karɓa da hannu biyu don kada ya zube. Bai leƙa cikin kofin ba.

Ya sha fiye da rabi. Ya ce tsamiya ta yi yawa.